Gaisuwar Autar Direba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ranki, Anti. Babbar 'yarki ce ta kira ni ta faɗa mini. Marubuciya irinki yabo ake rubuta mata, ni kuwa wallahi da kunya nake riƙe da alƙalamin nan.

Ke kika fara karanta rubutuna. Na kawo miki shi, kika zaunar da ni a teburin cin abinci, kika ture kofuna gefe, kika ɗauko jan biro. Kafin la'asar takardun sun yi jajir. Kika ce, "Ɗan nan, waƙafin nan a bakin hanya kake tsintarsa?" Tun daga ranar na zama Sarkin Waƙafi. Ke kika raka ni maɗaba'a, kika tsaya a kan mai injin har ya sake buga shafin da ya fito a juye. Rabin ƙungiyarmu ta marubuta a teburin nan naki suka koyi sana'a, ba wanda ya tashi bai ci ya sha ba.

Mutane sun san ki ne da Autar Direba, littafinki na farko, labarin yarinyar nan mai tsiwa da ta koyi tuƙi a ɓoye da motar babanta. Kin rubuta wasu da dama bayansa, amma duk inda kika shiga tambayar ɗaya ce: "Ina labarin Auta?" Kai ka ce ƙanwarki ce da ta yi tafiya.

Da ciwo ya kwantar da ke na je duba ki a asibiti. Na tarar kin jera littattafanki a kan durowar gefen gado, tsakanin kwalaben magani, kina ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya kina yi musu hisabi. Na farkon, kika ce ƙuruciya ce ta rubuta shi, ke biro kawai kika riƙe mata. Na tsakiyar kin yi su ne don kada a ce kin yi shiru, har yanzu kina jin nauyin ganinsu. Sai kika dafa Ragowar Tawada, wanda ya fito bara. Kika ce a cikinsa kaɗai ba ki yi wa kowa kara ba, har kanki, kuma shi kaɗai kike so ki ji an karanta kafin ki tafi.

"Ka karanta shi, Sarkin Waƙafi?"

Na ce, "Haba Anti, tun yaushe! Ai kin ƙure maleji."

Alhali yana bayan motata, ko ledarsa ban yage ba. Don kada ki tambaye ni wani abu a ciki, na yi maza na jawo tsohuwar zolaya: "To ina labarin Auta? Yaushe za ki dawo mana da ita?"

Kika kalle ni, kika yi murmushi. "Tana nan lafiya. Tana gaishe ka."

Sai bayan an binne ki na buɗe littafin. Ashe kin dawo da Auta. A babi na uku ta tsufa, tana kwance a gadon asibiti, 'yan dubiya suna ta ba ta labarin tuƙin da ta yi tana yarinya, ba mai tambayar abin da take ciki yau. A ƙarshen babin ta mutu. Na rufe littafin na rasa inda zan sa kaina.

Na je gidanki na faɗa wa 'yarki, don abin ya ƙi barin ƙirjina. Ta ce, "Ba kai kaɗai ba ne, Kawu. Duk wanda ya zo daga ƙungiyarku sai ya ce ya karanta, sai kuma ya tambayi Auta. In sun fita Mama takan ce, wanda ya karanta ba labarinta zai tambaya ba, gaisuwar rashinta zai yi mini." Na ce, an samu wanda ya yi? Ta girgiza kai.

Kaico! Mu da kika koya wa karatu da jan biro, mu muka bar ki kika tafi kina jira. Kin gane ƙaryarmu, amma ba ki kunyata ko ɗayanmu ba.

Allah Ya ji ƙanki, Anti, Ya gafarta miki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa alherin teburin nan ya bi ki. Ina yi wa 'ya'yanki da jikokinki da ƙannenki ta'aziyya, Allah Ya ba su juriya, mu kuma Ya yafe mana.

Saura gaisuwa ɗaya, duk da ta zo a makare. Anti, na karanta. Ya haƙurin Auta?