Farar Hodar Kawu Sale

Shekara shida ke nan da muka kai Kawu Sale makwancinsa a Agege. Ni ba mai rubutu ba ne. Tun aji biyu na sakandare na tsere, na yi okada, na yi kwandastan motar haya ta danfo, na yi dako, babu inda na zauna. Duk dangi shi kaɗai ne bai cire rai da ni ba. Rumfarsa ta wake a kasuwar Mile 12 ta Legas yanzu a hannuna take.

Kafin ya shiga wake, lebura ne a wani kamfanin fenti. A can ya san silika, kuma har ya koma ga Allah bai daina zancenta ba. Yakan ce ita da yashi uwa ɗaya uba ɗaya, sai dai yashi a jere yake kamar sahun sallah, ita kuwa kamar tashar Oshodi take, kowa inda ya ga dama ya tsaya. Akwai wadda ta fi hayaƙi rashin nauyi, ita ke sa fenti kauri. Akwai ta taya da man goge baki. Akwai 'yan ƙwayoyin nan na cikin kwalin takalmi masu shanye danshi. Su kam bin masu takalma yake yana tsinta, ya gasa su a kasko su bushe, ya jefa cikin duron wake. 'Yan kasuwa suka sa masa suna Injiniya, don tsiya.

Silikar da ya fi so ita ce wata farar ƙasa mai laushi kamar hoda da ake kawo masa daga Arewa. Ya shanya wake ya bushe ƙarau, ya ɗaure hanci da tsumma, ya barbaɗa ta ya cakuɗa. Wai tana kankare jikin ƙwaro har ya bushe ya mutu. Maƙwabta kuwa fiya-fiya suke zubawa, minti biyar an gama. Shi sai ya yini. In an yi masa dariya ya ce, "Ku ci naku, ni jikokina ke cin nawa."

Da yana nan yau, na san zai yi murna da buhunan nan masu leda ciki da ke hana iska shiga. Amma zai yi takaicin yadda kwalbar guba ta ƙara araha, kowa da tasa a ƙarƙashin benci.

Daminar bana ta gwada ni. Rana ta ƙi fitowa, na yi gaggawa na barbaɗa hodar a waken da bai bushe ba, abin da Kawu ya sha hana ni. Ƙwari suka shiga buhu goma sha biyu. Ɗanladi na rumfar gefe ya miƙo min kwalba.

"Kai, ɗan Injiniya, zuba ka huta. Wa zai sani?"

Wallahi na karɓa. Har na buɗe murfin. Sai ga Iya Risi, Bayarbiyar da ke dafa wa 'yan firamare wake, ta ajiye bahonta. Tsohuwar mai cinikin Kawu ce, Baba take ce masa.

"Aboki, wetin dey, ya kasuwa? Buhu biyu, irin na Baba."

Na tura kwalbar bayan buhu da ƙafa, na ce mata waken ya huje, ta je wani wuri. Ta ɗebo ta duba, ta ga ƙwari na yawo a tafin hannunta, ta yi dariya.

"Ƙwaro yana da rai, ko? To yarana ma za su rayu. Rage min kuɗi, zan tsince."

Sauran goman masu abincin kaji na sayar wa, a wulaƙance. Na yi asara, kuma har yanzu ban farfaɗo ba.

Kawu bai bar gida a Legas ba, bai bar mota ba. Abin da ya bari shi ne Iya Risi, matar da ke shinshina waken kowa a kasuwar nan kafin ta saya, amma in ta zo rumfarmu sai dai ta ce a auna. Na kusa kashe wannan da hannuna. Allah ya jiƙan Kawu Sale, ni kuma ya ba ni haƙurin jiran rana.