Murjanin da Hajiya ta aika a ɗebo

Shekarar da na yaye 'yata ta fari muna unguwar Karantina, can ƙasar Larabawa, ɗaki biyu, ni da maigidana da mahaifiyarsa Hajiya. Shi direba ne wurin wani Balarabe mai jirgin ruwa da yake kai mutane nutso cikin teku. Balaraben nan shi ne kafilinsa, wato mai tsaya masa a takardu, iƙamarmu ta izinin zama kuma saura wata guda ta mutu.

Ana cikin haka kafili ya ce zai koya masa nutson. Mutumin da ko a bakin teku ba ya yarda ruwa ya wuce masa gwiwa! Ya dawo yana gwada mana yadda ake goya tukunyar iska, a cusa roba a baki, a sa takalmi mai faɗi kamar ƙafar agwagwa. Ya ce can ƙasa akwai murjani gari guda, hukuma ke gadinsa, kuma kafili ya rantse duk wanda ya taɓa, shi ke nan, ya zare hannu daga takardunsa.

Hajiya murjanin kawai ta ji.

"Kana ganinsa da idonka, jikata na yawo wuya fayau? Ɗan na tsinke guda za ka ɗebo mata."

Na ce, "Hajiya, an fa ce an hana."

"Ke dai akwai tsoro. Tekun na ubansu ne?"

Da safe na bi shi har ƙofa ina roƙo. Ya ce, "Yalla, koma ciki. Ni yaro ne?"

La'asar sai ga shi, hannun dama naɗe cikin tawul. Yatsun sun kumbura sun yi jawur kamar ya damƙi garwashi. Ashe a cikin murjanin akwai mai ƙuna, shi kuwa shi ya damƙo don ya fi kusa. Ya zaro wani guntun abu ruwan ƙasa daga aljihu, sai ƙarni. Hajiya ta juya shi, ta sake juyawa.

"Wannan ai citta ce. Ina jan?"

Na rasa da wa zan fara. Ina zuba masa ruwan khal mai tsamin nan a hannun, ita tana koya masa ya ce mai ne ya fallatsa masa a kicin. Ranar na fara ɗaga murya a gabanta. Na ce kafilin da ya tsufa cikin ruwa ne ba zai gane ƙunar ba? Gobe da wane hannun zai riƙe sitiyari? Gara ya ɗauki cittar tasa ya kai masa tun bai tambaya ba.

Ya kai. Kafili ya kalli hannun, ya karɓi abin. Mako uku ya ɗauke masa magana, in suna mota sai dai ya nuna masa hanya da yatsa. Kullum ya shigo fuskarsa nake fara dubawa, in na ji mota ta tsaya a lungu na suri yarinya na goya, don tsoron ko an zo kama mu ne.

Saura kwana biyu tsohuwar ta mutu, kafili ya jefa masa sabuwar iƙama a kujerar mota, ya ce daga yau iyakarsa bakin ruwa, ya riƙa wanke tukwanen iska.

Wai shi ne ya shigo ransa a ɓace, yana ba ni labarin wani kifi shuɗi da ba zai ƙara gani ba. Na karɓe iƙamar daga hannunsa na kulle a akwatina, na ce ya ƙarasa wa Hajiya labarin.