Yadda Muka Raka Dauda Ban Haƙuri Hatta

Kano, kafin asuba

Kwalbar zuma ce ta fara ɗaukar idona. Muna tsakar gidan Kawu Sule a Fagge ana ɗaure jakunkuna, ko kiran sallar farko ba a yi ba, sai na ga ya fito da ita ya naɗe ta cikin sabon tawul kamar jaririya. Kawu kuwa mutum ne da ko goro zai ba ka sai ya ɓare ya riƙe babban ɓarin.

Na ce, "Kawu, wace mai sa'ar ce?"

"Ta Dauda ce, mai yi mana kago, wato jigilar kaya, a Dubai. Bayahude ne. Sabuwar shekararsu ta kama, da zuma suke buɗe ta. Ɗauki jakar nan ka daina yi mini murmushin banza."

Sunana Nura. Ina da teburin littattafan soyayya a bakin kasuwa, kuma ban taɓa sayar da littafin da ban fara karantawa ba. Innata ce ta roƙi ƙanin nata ya tafi da ni in ga yadda maza ke neman abinci, don a cewarta takarda ba za ta yi mini aure ba.

Mun yi sallar asuba a filin jirgi. Jami'in da ke duba kaya ya ɗaga kwalbar ya ce, "Alhaji, magani ne?" Kawu ya ce kyauta ce. Jami'in ya kashe mini ido. Ashe ba ni kaɗai ke tunanin ba. Mun ya da zango a Addis Ababa, inda na ga wata ma'aikaciya ta kalle ni sau biyu, na fara tsara yadda zan gabatar da ita ga Inna, kafin na gane takardar shiga jirgi ce na riƙe a juye.

Hor Al Anz

Da na fito daga filin jirgin Dubai sai na ji kamar an buɗe mini murfin tukunya a fuska. Isufu ne ya ɗauke mu, wani ɗan Maraɗi da ya daɗe yana tuƙa Kawu duk zuwan da zai yi. Ya kai mu masauki a Hor Al Anz, ɗaki guda mai gadaje masu hawa biyu, mu shida, duk 'yan kasuwar Kwari da ta Wambai. Ni aka ba sama, kusa da na'urar sanyi, na kwana da hula. Abinci kuwa shinkafar 'yan Pakistan ce da kaza, sai shayinsu mai madara da ake kira karak a ɗan kofin takarda, wanda har yau nake kewarsa.

Al Warsan, ranar Alhamis

Ɗakin ajiyar kayan Dauda yana Al Warsan, tsakanin wasu dogayen rumbuna masu kama da juna. Mutum ne ɗan shekara arba'in da wani abu, haifaffen Maroko, mai ɗan tumbi da hular 'yan ƙwallo. Ya tarbi Kawu da Hausarsa guda ɗaya, "Alhaji, yaya kasuwa?" Kawu ya miƙa masa zumar. Maimakon godiya sai ya rungume kwalbar, idonsa ya kawo ruwa.

Ya ja Kawu gefe suka shiga Larabci, wanda ba na ji. Abu ɗaya na tsinta: sunan Rahila, har sau uku, kuma duk ya ambata sai ya sunkuyar da kai. Namiji, da zuma, da hawaye, da Rahila. Na karanta irin wannan ya fi a ƙirga.

A mota Kawu ya ce, "Ranar Lahadi za mu raka shi ban haƙuri garin Hatta. Wai a addininsu akwai babbar ranar azumi da neman gafara nan da 'yan kwanaki, kuma laifin da ka yi wa mutum, Allah ba ya yafe maka sai shi mutumin ya yafe. Ya je shi kaɗai an ƙi shi. Yanzu ƙa'ida ita ce ya koma da mutum uku su tsaya masa. Ni, da Isufu, da kai."

Ban tambayi wa za a ba haƙurin ba. Me zan tambaya? Daren Juma'a da na Asabar ban yi barcin kirki ba, ina saman gado ina haddace jawabin da zai narkar da zuciyar Rahila. Na ba ta doguwar suma, da idanu masu lumshewa, da mahaifi mai taurin kai.

Hanyar Hatta, ranar Lahadi

Mun tashi da hantsi. Isufu ya ce gajeriyar hanya ta ratsa ƙasar Oman, bizarmu ba ta kai can ba, don haka muka zaga ta Sharjah, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi. Gine-gine suka ƙare, jan rairayi ya fara, can kuma duwatsu baƙaƙe suka taso. Dauda na gaba da zumar a cinya, ga ledar tuffa a ƙafarsa.

Na dafa kafaɗarsa na ce da Turanci kada ya damu, mace ba ta fushi da wanda ba ta so.

Ya juyo. "Wace mace?"

"Rahila."

Isufu ya kusa sakin sitiyari. Kawu ya ce, "Inna lillahi. Kai Nura, Rahila ta rasu! Matar tsohon da za a ba haƙurin ce!"

Nan Dauda ya ba da labarin daga farko, da Turanci don ni ma in ji. Su Yahudawa kaɗan ne a garin, a wani gida suke haɗuwa su yi ibada. Akwai addu'ar da ake yi wa mamaci duk shekara ranar da ya rasu, kuma ba ta yiwuwa sai maza goma sun tsaya tare. Akwai wani dattijo, wanda Kawu ya raɗa wa Baba Isiyaku, shi ya karɓi Dauda lokacin da ya zo Dubai ba shi da kowa, matarsa Rahila ta riƙa ciyar da shi duk daren Asabar. Ranar da ta cika shekara da rasuwa, Dauda ya yi alkawarin zuwa da sassafe. Bai je ba. Mutum tara suka zauna suna kallon ƙofa har lokacin aiki ya yi suka watse. Tsoho bai yi wa matarsa addu'a ba.

"Daga ranar kunya ta hana ni komawa," in ji shi. "Shekara biyu ke nan. Idan na hango ɗayansu a kanti sai in ɓuya bayan firij."

Kawu ya gyaɗa kai. "Mu ma Juma'a ba ta tsayuwa sai da mutum goma sha biyu. To ba a jawo mai gadi a cike?"

"Sai Bayahude, Alhaji."

"To kai ina ka shiga ran nan?"

Dauda ya murza murfin kwalba. "Wani kwastoma ne ya dame ni da waya tun dare. Kwantenarsa ta maƙale a tashar ruwa, ya rantse in ban je da kaina ba ya bar ni har abada."

"Kai, wasu mutane ba su da imani," in ji Kawu. "A kan kaya? Wane marar tausayi ne wannan?"

Isufu ya ƙura wa titi ido kamar yau ya fara tuƙi.

Kawu ya ce a hankali, "Ba dai kwantenar abayoyin nan ba?"

"Bon," in ji Isufu da Faransancinsa, "Alhaji, ni na kai ka ofishinsa da asuba. Har takalmi ka buga a kan tebur."

Daga nan har Hatta Kawu jan carbi kawai yake yi da sauri. Ni kuma na jingina da taga ina makokin jawabina.

Hatta

Baba Isiyaku yakan kama ɗan gida a wata gonar dabino duk wannan lokaci na shekara, don Rahila tana son duwatsun. Mai gonar ya ce mu same shi a bakin dam. Ruwan kore shar tsakanin duwatsu, 'yan yawon buɗe ido na ta tuƙa ƙananan kwale-kwale. Can gefe ga wani ɗan siririn tsoho da sanda da 'yar mitsitsiyar hula a tsakar ka, yana kaɗe aljihunsa a kan ruwa. Dauda ya raɗa mana cewa al'ada ce ta sabuwar shekara, alamar zubar da zunubai.

Kawu ya ce, "Da haka ake yi a Kwari da an cike rafi."

Dauda ya cire hular ƙwallon. Ashe akwai irin 'yar hular a ƙarƙashi. Muka jera a bayansa kamar masu neman aure. Tsoho ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "An ce ka zo da abokai uku. Duk cikin jama'armu ba ka samu ko ɗaya ba?"

"Kunyarsu nake ji, Baba."

"Amma ba ka ji kunyar ɗauko Najeriya ba."

"Ni Nijar," in ji Isufu.

Dauda ya fara jawabinsa, bai kai ko'ina ba Kawu ya ture shi gefe. Sai ga Kawu Sule, wanda ban taɓa ganin ya rusuna wa kowa ba in ba mahaifiyarsa ba, ya tattara babbar riga ya tsuguna a kan tsakuwa mai zafi. Ya haɗa Larabci da Turanci da Hausa. Ya ce shi ne mai abayoyi, shi ne mai waya, shi ne mai takalmi. A duba Allah, a duba zumunci, yaro ya yi kuskure amma babba ne ya tura shi.

Tsoho ya ce, "Alhaji, tashi, gwiwarka ba ta fi tawa ƙwari ba. Kai ka kira, amma shi ya ɗauka." Ya juyo gare ni. "Kai fa? Kurma ne?"

Kaina ya ɗauke. Ba abin da ke cikinsa sai jawabin Rahila, shi kuwa ya fito da kansa. Na ce wanda ya saba da murya guda, idan ta yi shiru, duk hayaniyar duniya ba ta cika masa ɗaki. Na ce yakan dafa shayi kofi biyu da mantuwa. Na ce yakan ji labari mai daɗi a hanya ya yi sauri gida don ya ba da, sai a bakin ƙofa ya tuna. Kawu na ta zungurina da gwiwar hannu yana cewa, "Kai, ba budurwa ba ce!"

Tsoho ya zauna a kan dutse. Ya daɗe yana kallon ruwa.

"Wa ya gaya maka zancen kofi biyu?"

"A littafi na gani, Baba."

"To mai littafin ya taɓa aure." Ya share ido da bayan hannu, sannan ya nuna Dauda da sanda. "Kai, zo nan. Ran nan na ji zafi, ba zan ɓoye ba. Amma da ka zo wancan makon ka tsaya a bakin ƙofa kana karanto mini haƙuri daga waya, mota na jiranka a kunne, shi ya sa na kore ka. Ka san sau nawa muka tashi mu tara tun da ka ɓace? Mutumin da ya rasa uwarsa, da wanda aka haifa wa ɗa, duk sun kalli ƙofar nan. Kana can kana jin kunya, mu muna nan muna ƙirga kai."

Dauda ya fashe da kuka sosai, irin na yara, har masu kwale-kwale suka waiwayo.

"Na yafe," in ji tsoho. "Na yafe, na yafe. Ranar azumi ka zo da wuri, ka bar wayar a gida. Miƙo zumar nan kafin ka cika ta da hawaye."

Ya yanka tuffa da 'yar wuƙarsa, muka riƙa tsomawa a zuma muna ci. Ya ce wannan ta fi ta kanti, Kawu ya ce ai daga Ningi aka kawo ta, ya fara ba da tarihin mai amyar har sai da Isufu ya nuna masa agogo. Da azahar ta yi, tsoho ya ba mu gorar ruwansa muka yi alwala, shi da Dauda suka tsare mana takalma. Kawu ya idar, ya leƙa hagu da dama, ya je bakin ruwa ya ɗan kaɗe aljihunsa. Ya ce wai ɓawon goro ne.

Komawa gida

Sauran kwanakin sun tafi a Deira wajen sayen turare da mayafai. Ranar azumin nasu Kawu ya kira Dauda don wata takarda, ya ji wayar a kashe, ya ɗaga murya zai fara faɗa, sai ya tuna ya ajiye. Mun sauka Kano da yamma lafiya. Inna ta tambayi abin da na koyo a kasuwanci, Kawu ya ce, "Ba komai. Amma ki bar shi da littattafansa."

Shekaru sun wuce, na yi aure, teburina ya zama shago. Bara Kawu ya dawo da labarin rasuwar Baba Isiyaku. Bai bar ɗa ba, don haka Dauda ne ke tsayawa yi masa addu'ar, shi da Rahila. Shi ne kuma yanzu mai bin mutane da waya tun asuba, yana rantsuwa, yana barazana, har sai an cika goma. Isufu ya ce abokan ibadar Dauda sun fara ɓuya bayan firij idan suka hango shi, kuma wai da aka tambaye shi inda ya koyi wannan naci, ya ce wajen wani Alhaji ne.

Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu, na gode wa Isufu da bai jefa mu rami ba, na kuma gode wa Kawu, wanda har yau duk shekara yake naɗe kwalba guda a cikin sabon tawul.