Sanyin da na kulle

Shekarun da na yi ina kula da na'urorin ajiye bayanai a wani ofishin agaji a Diffa, zafi ne babban abokin gabana. Na'urorin suna jere kan kanta ta ƙarfe cikin wani faffaɗan ɗaki, ɗauke da sunaye da zanen yatsun mutanen da rikici ya koro zuwa sansanin Assaga. In suka ɗau zafi suka tsaya, rabon abinci ya tsaya ke nan.

Kilim biyu ke sanyaya ɗakin dare da rana. Kuran kuwa, wato wutar lantarki, ba shi da alkawari, shi ya sa injinmu na wuta ke shan man gazuwal babu sassauci. A shekarun nan azumi na faɗowa tsakiyar bazara, to bayan azahar sai ma'aikata su sulalo da tabarminsu su miƙe a gefen na'urorin. Wanda ba ya fashi shi ne tsohon direbanmu, mutumin Gueskérou da ya baro gonar tattasansa a bakin Komadugu. Baba muke ce masa. Hawan jini ya sa shi gaba, kuma nan kaɗai numfashinsa ke daidaita.

Da gazuwal ya yi wuya, shugaban ofis ya ce dole a kashe kilim ɗaya. Na san guda ba zai iya da ɗakin ba, balle ƙofar da ake buɗewa kamar ta shago. Sai na yi abin da masu lambu ke yi wa ruwa, su toshe nan su saki can. Na zagaye kantar da katako, sanyi ya shiga ta gaban na'urorin, iska mai zafi ta fita ta baya, ta wata kafa da na huda a bango. Baba ne ya ɗauko katakon daga kasuwa, shi ya riƙe mini ina buga ƙusa.

Dabarar ta yi. Na'urorin suka daina kuka, rabon abinci bai tsaya ba, aka yi ta yaba mini. Sauran ɗakin kuwa ya koma tanda. Na ji daɗin yabon, ba zan ɓoye ba, amma raina bai kwanta ba.

Wata azahar na iske Baba a gindin dogon yaro, ya lulluɓe kai da jiƙaƙƙen rawani, yana numfashi sama-sama.

"Baba, ka yi haƙuri," na ce. "Wurin ba ya ɗaukar mutum yanzu."

"Na sani, ɗana, ai da ni aka buga shi. Sunan jikokina ma yana ciki." Ya matse ruwan rawanin a wuyansa. "Na'urorin dai suna lafiya ko?"

Na ce lafiya lau suke. Ya ce madalla, ya juya ya ba ni baya, ni kuma na koma duba ma'aunin zafi.