Maganar da Baba Dogo Bai Faɗa Ba

Har gobe ban manta da ranar da Istifanus ya ajiye kundinsa a teburina yana murmushi ba. Ina koyar da tarihi a jami'a a Kafanchan, kuma ni aka ba duba binciken da zai kammala digiri da shi, a kan yadda dattawan Madakiya ke sasanta rikicin iyakar gona.

Ƙa'idar sashenmu a fili take. Ɗalibi na iya amfani da manhajar AI ta gyara masa Turanci, muddin ya bayyana ya yi hakan. Amma wanda ya ƙirƙiro hirar da bai yi ba, sai kwamitin ladabtarwa, kuma galibi kora ce.

A babi na huɗu na ci karo da Baba Dogo, abokin marigayi mahaifina, yana zuba bayani shafi guda cur. Ni kuwa na san Baba. Mutumin da gaisuwa ma sai ka ja ta daga bakinsa! Abin da ya tayar mini da hankali shi ne an rubuta wai ya ce fadamar bakin rafi ta dangi kaza ce tun asali, alhali har yanzu gidaje biyu ba sa ga maciji da juna a kanta.

Na ce Istifanus ya kunna mini muryar da ya ɗauka. Ya fara lalube a aljihu kamar mai neman makulli, can ya ce, "Madam, gaskiya ban je ba. Na ba AI sunansa da topic ne kawai."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na kai rahoto ga shugaban sashe, kamar yadda doka ta ce. Ya karanta ya ce, "Dakta, wannan ai kora ce."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kwamiti ya yanke abin da ya ga dama. Roƙona ɗaya, a bar ni in kai shi gaban mai maganar tukuna."

Ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada muka tafi gidan Baba a Madakiya. Istifanus ya durƙusa, ya fassara wa Baba shafin da Hausa a gaban 'ya'yan dattijon.

Da ya gama, Baba ya ce, "Wannan na'ura, ya taɓa zuwa gidana?"

"A'a, Baba."

"To yaro, ka sa mini magana a baki, ka rufe cikin littafi. In na mutu, wa zai tashi ya ce ƙarya ne?"

Istifanus ya fashe da kuka. Baba ya bar shi ya yi mai isarsa, sannan ya tura masa kujera da sanda. "Zauna. Kunna wayan naka."

Na faɗa wa kwamiti duk yadda aka yi, ban rage ba, ban ƙara ba. Suka soke kundin, suka ce ya maimaita shekara. Mahaifiyarsa ta daina amsa gaisuwata a coci, na haƙura.

Yaron nan ya yi ta zirga-zirga zuwa Madakiya, ya ji ta bakin gidajen biyu, ya rubuta kowanne yadda ya faɗa. A shafin farko ya bayyana cewa AI ta gyara masa nahawu, iyakar aikinta ke nan. Ranar kare kundi, da malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya nemi hujja, sai ya kunna waya, muryar Baba ta cika ɗakin, a hankali, da tarinsa da komai. Ina zaune a gefe, kaina ya yi girma, ba zan ɓoye muku ba.

Ku sababbin malamai da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku daina ɗaukar dubawar kundi a matsayin farautar ɓarayi. Duk sunan da ɗalibi ya rubuta, akwai mai shi a wani gida, yana da gona da maƙwabta, kuma ba zai taɓa shiga laburarenmu ya kare kansa ba. Mu ne za mu tsaya masa.