Sallamar Illiya a Kan Kwalta

Illiya taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, kuma tun yana yaro ƙafafunsa sun fi kansa aiki. Na sha gaya masa da za a ɗaura masa injin niƙa a gwiwa, da ya ciyar da Wagadugu kaf. A unguwar Zangouettin da ke tsakiyar gari aka haife mu, a gidan kakarmu Hajjo mai fura, kafin katafila ta share unguwar, a watsa mu bayan gari kamar tsabar kaji.

Da keken kai furar Hajjo ya fara. Daga nan wata ƙungiyar tseren keke ta ɗauke shi, da albashi da riga mai tambarin kamfani. Duk sanda ya ci, rediyo sai ta hau kirari: ɗan Faso, ingarmanmu. Wani ɗan jarida har rantsuwa ya yi cewa jinin Mosi, 'yan asalin garin, ne ke gudu a jikinsa.

Shekarar da Hajjo ta rasu, can a filin da aka ba ta inda ko famfo babu, sai aka ja layin ƙarshen tsere a sabuwar kwaltar tsakiyar gari. Illiya ya zo na ɗaya. Da aka tura masa makirfo, maimakon ya gode wa kamfani yadda aka koya masa, sai ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya yi sallama. Ya ce nan ƙofar ɗakin kakarsa ce, kuma cikin waɗanda aka tasa daga wurin akwai masu sayen ruwa a baro har yau.

Ba a daɗe ba kafin nan wani abokin tserensa ya yi kuka a talabijin kan gonar ƙauyensu da aka ƙwace, aka ce jarumi ne, har waƙa aka yi masa. Illiya kuwa, kafin guminsa ya bushe ya zama etranje, wato baƙo, ɗan Kano mai butulci. Mutumin da bai taɓa ganin Kano ba sai a jikin dilar atamfa.

Mai ƙungiya ya ce ya je rediyo ya nemi gafara, ko ya ajiye riga. Ga matarsa Nazifa da tsohon ciki. Ni kaina na ce masa, "Kai bawana, je ka ce ka tuba. Jariri ba ya shan gaskiya."

Ya tafi. Muka kewaye rediyo, Nazifa na riƙe da ƙugu. Ya gai da masu sauraro da Faransanci tsaf, ya ce lallai ya yi laifi. Sai ya juya Hausa.

"Kaka, ki yafe mini. Shekara da shekaru ina wucewa ta kan ɗakinki a guje, ban yi miki sallama ba."

Masu gidan rediyon suka yanke shi, suka sa tallar sabulu. Washegari aka aiko aka karɓi riga da keke.

Yanzu yana unguwar Zogona, gindin dalbejiya, yana liƙe wa ɗalibai taya. Ƙafafun nan sun tsotse, sun koma kamar muciya biyu, ni ma na daina tsokanarsu. In sayen faci ya kai shi tsakiyar gari, da ya iso inda ɗakin Hajjo yake a da sai ya sauka daga tsohon keken fura, ya riƙe takalmi a hannu, masu babur na danna masa oda suna zagi. Ya yi sallama, ya ɗan jira kamar za a amsa, sannan ya tura kekensa ya wuce.