Takardar da Baba Bai Karanta Ba

A ƙauyenmu, yamma da Managil, idan ɗan gari ya miƙo maka takarda ba ka karanta ta a gabansa. Karantawa zagi ne, ka kira shi ɓarawo ke nan. Bismillah kawai za ka yi ka sa hannu.

Haka mahaifina ya yi wa ɗan ƙanwarsa, lauyan farko da ƙauyenmu ya samu. Ranar da ya buɗe ofis a Madani har rago aka yanka. Mu da muka yi wasan ƙasa da shi muka koma ce masa Ustaz, yadda ake girmama lauyoyi a nan, shi kuma yana amsawa kamar da shi aka raɗa masa suna. Ya zo da takarda, ya ce shaidar gado ce. Baba, mutumin da Larabci ke zuba a bakinsa, ko tabarau bai ɗauko ba.

Da lokacin shukar auduga ya zo, maƙwabciyarmu mai marayu huɗu ta je hawasharta, gonar noman ruwa da mijinta ya bari, ta tarar da baƙo yana ba gonar ruwa. Ya nuna mata takardar saye. Mai shaida kuwa, Baba.

Dattawa suka ce maganar gida ce, ba ma kai namu gaban bare. Sau uku aka shimfiɗa tabarma a zaure, Ustaz bai zo ba. A zama na huɗu Baba ya ɗauki sandarsa ya ce in raka shi gaban kwamitin da ke ladabtar da lauyoyi. Ba zan ɓoye ba, tun daga tasha har Madani roƙonsa nake mu koma. Kunyar gwaggona, uwar Ustaz, nake ji.

Shugaban kwamitin ya tambaye shi ko ya ga matar ta sayar.

"Ban gani ba, kuma ban karanta ba," in ji Baba. "Hannuna ne wanga. Ku hwara rubuta laihina kahin nashi, kalas, shi ke nan."

Da suka buɗe fayilolin Ustaz suka iske wasu takardun ƙarya, ga harajin shekaru da ya danne. Suka karɓe lasisinsa. Matar ta koma hawasharta, ta ɗan makara amma ta shuka.

Gwaggo ba ta sake taka gidanmu ba har Baba ya rasu. Wannan ya ci masa rai, na sani, ko da yake bai taɓa faɗa ba.

Shekara biyu bayan zaman kwamitin na kai wa Baba takardar filin da zan yi gini, ya shaida mini. Ya laluba aljihu, ya ɗauko tabarau. Ni, ɗan cikinsa, ina tsugune a gabansa, ga mutane a zaure! Wallahi na ji zafi, kuma ban taɓa alfahari da shi kamar ranar ba. Ya bi ta layi-layi da ɗan yatsa har ƙarshe, sannan ya ce in miƙo biro.